Hoton Faifan da Ba na Kaka Ba

Zuwa ga Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, ƙafar Kaka ma da sauƙi.

Yaya, na yi abin kunya da wayar da kika aiko don tallar faya-fayan Kaka. Hotunan da na ɗauka ba su yi kyau ba, sai na ɗauko na wani faifai a intanet na ɗora. Wata mata ta gani, ta shigo mota tun daga Fika. Da ta nuna hoton, Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba hannuna ba ne. Ni ba haka nake ɗaure bakin faifai ba." Matar ta koma ba ta sayi komai ba.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi in mayar miki da wayarki. Don Allah ki kira ki roƙar mini ita. Na goge wancan hoton, na ɗauki hotunan nata faya-fayan guda shida a hasken safe, amma na kasa nuna mata.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida su Amira.

Ƙanwarki,
Zainab