Jan Layin da Bai Dawo Ba

Zuwa ga Balkisa, hasken idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, wadda sunanta ya fi mini dabinon Bilma zaƙi a baki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kwana bai runtsa ba, da fatan kina lafiya, ke da su Inna.

Ni kam ba lafiya nake ba. Jiya hotunan da na aika wanki Damagaram suka iso.

Kin tuna daren da ƙungiyarmu ta masu kallon taurari ta fita tudun rairayin hanyar Kelle, kika zo tare da yayarki Ya Kaka? Na kafa tsohuwar kyamarata mai fim, na fuskantar da ita arewa, na roƙi jama'a kada kowa ya kunna wuta, don zan bar idonta buɗe sa'a guda, kuma duk hasken da ya gifta fim ba ya mantawa. Ke kaɗai na ba tocila, na ɗaure mata jan ƙyalle a baki, saboda tsoron kunama ta taɓa ƙafarki. Sannan na zauna riƙe da igiyar kyamara, kaina a sama kamar wawa, ina murna kina kusa.

Hoton ya yi kyau, wallahi ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Taurari duk sun ja baka suna zagaye guda ɗaya da bai motsa ba. Amma a ƙasa, ya masoyiyata, ga wani jan layi ya taso daga tabarmar mata, ya ratsa rairayi, ya miƙe ɗoɗar zuwa inda Mushe Aisami, malamin nan na makarantar sakandare ta lise, ya kafa madubinsa na hangen taurari. A can ya taru ya yi jajir kamar garwashi. Na san aikina, Balkisa. Mai wucewa siririn layi yake bari. Sai wanda ya tsaya ya daɗe yake ƙona fim haka. Kuma har na rufe kyamarar layin nan bai dawo ba.

Me ya nuna miki da ya ci sa'a guda? Tauraron nan mai zobe? Kowa ya leƙa minti ɗaya ya ba wani wuri. Ko bakin nasa ne mai zuba Faransanci kamar rediyo? Da tocilata, da ƙyallena, kika haska hanyar zuwa wajensa! Kishi nake, ba zan ɓoye ba, kishi mai hana numfashi.

Kin san bayan Sallah baffannina za su zo wajen Baba neman aurenki. Don Allah kada ki bari dattawa su taka banza. In madubi kika je gani, faɗa mini, in haɗiye in yi shiru. In mai madubin ne, shi ma faɗa mini.

Saura hoto ɗaya a sabon fim ɗina. Ranar Asabar, da wata ya faɗi, za mu koma tudun. Zan buɗe kyamara, in zaga in tsaya a gabanta, ba ruwana da sama. Tocilar tana hannunki har yanzu. Inda layin ya ƙare, nan ne amsata.

Duba hoton da na haɗo miki, ki nemi tauraron da bai motsa ba. Nan za ki same ni, ko kin zo ko ba ki zo ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Idirisa