Motar Masu Tsira

Dapaong, ranar Laraba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafarki? Baba ya dawo daga Kambolé? A gaida Fa'izu da mutanen Didaouré. Ni lafiya lau, har Madam mai koya mana ɗinki ta fara barina in yanka yadi. Abincin ba kamar na gida ba, amma ina ƙoshi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wani mutum mai kwat yana zuwa shagonmu in Madam ta fita kasuwa. Yana karanta mana maganar annabi Irmiya, wai masifa za ta sauko daga arewa, hukuncin Allah ne. Ya ce, "Ba ku ga 'yan gudun hijira sun cika gari ba?" Wai ran Lahadi motarsa za ta kwashe masu tsira zuwa kudu.

Yendoubé, wadda muke kwana ɗaki ɗaya, har ta ɗaure kayanta. Na ce mata, "Me ya sa 'yan mata kawai yake zaɓa? Tsofaffi ba sa son tsira?" Ta ce, "Ke ba 'yar coci ba ce, yi shiru." Kuma mutumin ya hana a gaya wa Madam, alhali ita ma kullum Baibul ɗin nan take karantawa.

Kin san ni da kunya, Inna. Amma gobe zan gaya wa Madam, ko da Yendoubé za ta daina yi mini magana. Gara ta yi fushi da ni tana nan.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Umaima