Ƙofar Da Na Rufe Miki A Hankali

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Yau wata huɗu da rasuwarki, sai yanzu na iya riƙe alƙalami.

Kin tuna safiyar da yayana Hamma Buba zai kai ki Michika ta'aziyya? Ni na kama hannunki kika shiga bayan mota, na tattare miki bakin zani, na tura ƙofar a hankali. Ke kika koya mini: "Ba a buga ƙofa a fuskar babba." Hamma ya duba jar fitilar nan ta gaban direba, mai kamawa idan ƙofa ba ta rufu ba. Ba ta kama ba, sai ya ja mota. A lanƙwasar hanya kika jingina, ƙofar ta buɗe, kika faɗo. Kwana uku kika yi a asibiti kika cika.

Tun ranar Hamma bai sake taɓa motar ba. Makon jiya na aika aka kira Tizhe mai gyaran wayar mota, na tsaya a kansa. Ya ɗaura ƙwan fitila a jikin waya yana gwada ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Uku suka kama. Da ya zo taki, shiru. Ya kwance wani ɗan maɓalli a jikin ƙarfen ƙofar, ya nuna mini a tafin hannunsa, tsatsa ta cinye shi. Ruwan kogi ne wai, da motar ke tsallakawa da damina. Ko a wangale ƙofar take, fitilar ba za ta kama ba.

Na tambaye shi, da na buga ta da ƙarfi fa, da ta rufu? Ya sunkuyar da kai yana goge hannu. Mutumin kirki ne, Dada, bai iya ƙarya ba.

Liman ya ce babu kaffara a kaina. Na yi masa godiya. Amma ranar tsayuwa ba maɓalli za a tambaya ba, hannuna ne. Na ɗauki azumin wata biyu a jere, yau kwana biyar. Ban faɗa wa Hamma ba, nasa nauyin ya ishe shi.

Ki yafe mini, Dadata. Ladabi na so yi miki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya karɓa mini azumin nan idan da hakkinki a wuyana. Amin.

'Yarki,
Mairamu, Nassarawo, Mubi