Kujerar da ke Saman Ƙafar Jirgi

Lisbon, 3 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da mutanen Kubwa. Na ji biza ta fito, taka da ta abokinka Baba Thaddeus. Alhamdulillahi!

Na tsara mana kwana uku. Ranar farko za mu hau tiram mai lamba 28, wato ƙaramin jirgin nan rawaya mai tarago ɗaya da ke bin titi tare da motoci, wanda ka liƙa hotonsa a falo tun ina firamare. Za mu yi sammako don ka samu kujerar taga, ka ga kogi da jajayen rufin gidaje daga saman tudu. Shekara talatin kana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi da guduma a tashar Kafanchan, yanzu kai ma ka zauna a ja ka.

'Yarka,
Nafeesa

Kubwa, 10 ga Maris

Nafeesa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya yi miki albarka. Taga ki bar wa Thaddeus, shi ne mai son kallo, tsohon direba. Ni ki binciko mini abu uku. Ƙafa nawa taragon yake da ita? Suna zuba yashi a kan dogo idan za su hau tudu? Kuma ina ne kwanar da ta fi matsewa?

Mahaifinki,
Badamasi

Nafeesa, ni ne Thaddeus. Rubutun nan hannuna ne, ba na oga ba. Ya ce kar in faɗa, amma ni ba zan iya ba. Ido ya tafi, wata huɗu ke nan. Sai haske-haske kawai yana gani. Abeg, kar ki ce ni na gaya miki.

Lisbon, 11 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Hoton wasiƙarka ya shigo mini ta waya, amma raina a ɓace yake. Ba sai an gaya mini ba, na san rubutunka, kai da kake danna biro har ya huda takarda. Wata huɗu, Baba! Kana jina ina ta surutun taga da kogi, ka yi shiru.

A ɗaga tafiyar nan. Garin duk tudu ne da matakala, taragon kuma yana jijjiga mutum. Idan ka faɗi a hannuna, me zan ce wa Umma? A fara ganin likita tukuna.

Nafeesa

Kubwa, 15 ga Maris

Nafeesa,

Sallama da fatan alheri. Likita mun gani, har uku. Hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na ɓoye miki ne don na san irin wasiƙar da za ki rubuto, ga ta kuwa kin rubuto.

Ki saurare ni. Ko lokacin da idona ke garau, ba da shi nake duba jirgi ba. In na buga guduma, ƙafa mai lafiya ta amsa kamar ƙararrawa, mai tsagewa ta amsa kamar fasasshen kwano. Ɗaruruwan mutane sun isa gida lafiya a kan kunnen nan, kuma har yau bai yi ritaya ba. Hoton falo na gama kallonsa, na haddace shi. Abin da hoto bai taɓa ba ni ba shi ne kukan jirgin, shi nake so in ji kafin kunnen ma ya bi ido.

Kullum da safe ni da Thaddeus muna hawa matakalar gadar Kubwa sau uku, hannuna a kafaɗarsa. Shi ke haki, ba ni ba. Jakata a ɗaure take. Amma ba zan zo gidanki kina jin tsorona ba, sai kin ce in zo.

Mahaifinki,
Badamasi

Lisbon, 19 ga Maris

Baba,

Barka da war haka. Jiya na hau 28 daga farko har ƙarshe, idona a rufe. Na tsorata sau biyu, na yi kuka sau ɗaya.

Ƙafa huɗu ce. Yashi suna zubawa, direban ya tabbatar mini. Kujerar da ke saman ƙafafun baya ita ce taka. A kwanar unguwar Alfama akwai wani sauti da na kasa gane ko daga ƙafa yake ko daga dogo.

Ka zo ka faɗa mini.

'Yarka,
Nafeesa