Taswirar Burtalin Ardo Ja'e Da Na Bari A Majalisa

Zuwa ga mai girma wakilinmu a majalisar dokoki ta jiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, tsohon malamin firamare ne ni a Bauranya. Sau biyu ina ba sakatarenka wasiƙa a Kankia, har yau ban ji amsa ba. Ban ce ka ƙi ni ba, na san takardun da ke zuwa teburinka sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Na fito fili ne a jarida ko Allah zai sa wani da ya san zancen ya gani.

Takarda ɗaya nake nema, kuma ba tawa ba ce. Taswirar burtali ce, wadda aka zana tun zamanin En'e, da hatimin hakimi a ƙasanta. Ta nuna hanyar shanu daga rugar marigayi Ardo Ja'e zuwa mashayar da ke wajen ƙauyen Ƙofa. Hakimi ya sa ranar zama bayan an gama girbi tsakanin manoma da mutanen rugar, ya ce a zo da ita. Bello, ɗan Ardo, ya faɗa mini in babu ita, kafin damina za su tashi, domin shanunsu ba su da ta inda za su bi su sha ruwa ba tare da sun taka shukar wani ba.

Ga yadda ta bar hannunsu.

Na ɗaya. A zamanin majalisa ta farko bayan an ba mu jiharmu, gonaki suka fara matse burtalin. Ardo ya zo makaranta ya same ni, na rubuta masa koke. Wakilinmu na lokacin, Allah Ya jiƙansa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce mu zo Katsina ranar da kwamitin koke-koken jama'a zai zauna. Muka hau mota a Kankia, Ardo na rungume da taswirar a naɗe cikin fatar akuya.

Ina so ka san irin majalisar da muka tarar, domin ba na son a ce na zo ɓata sunan magabatanka. Mutanen nan koyon aikin suke yi suna yin sa. Mun zauna wajen 'yan kallo, mun ga biyu sun miƙe lokaci guda kowa na cewa shi aka ba dama, shugaban majalisa na ta buga tebur. Wani ya fara jawabi da Turanci, ya kakare, ya ce a yi masa afuwa, ya koma Hausa, zauren ya ɗauka da dariya har da shi. Amma zancen rijiyar ƙauyensu yake yi, kuma sai da ya kai ƙarshe. Mata biyu ne ke buga takardun gidan duka da tafireta, ba su ɗaga kai ba har muka fita. Ardo kuwa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, da ya hangi sandar majalisa a kan tebur sai ya raɗa mini: "Malam, wagga sanda ai ko maraƙi ba ta korawa." Ban taɓa jin ƙaunar gwamnati kamar ranar ba.

Na biyu, kuma nan ne laifina. Da muka shiga gaban kwamiti suka saurare mu sosai, suka ce za su zo su ga wurin da idonsu. Akawun kwamitin, wani siririn mutum mai tabarau, ya buɗe taswirar ya duba, ya ce mu shiga gari a ɗaukar mana hotonta a inji, mu kawo kwafin, mu riƙe ta ainihin. Sau biyu ya faɗa. Ni ne na ƙi. Na ga kamar raini ne a miƙa wa manya kwafi, alhali mu muka zaɓe su da hannunmu. Ina kuma jin kaina ɗan boko a gaban Ardo. Na ce masa ai nan ne gidan doka, babu inda takarda za ta fi tsira. Ardo ya dube ni ya ce: "Kai ka san boko, Malam. In ka ce in ba su, na ba su." Akawun ya girgiza kai, ya sa ta cikin koren fayil, ya ɗaure da zare, ya yagi 'yar takarda ya rubuta mini lambar fayil ɗin ya sa hannu.

Na uku. Kwamitin ya cika alkawari. Sun zo su huɗu a mota ɗaya, suka taka burtalin da ƙafa cikin rana, ina gaba ina nuna musu duwatsun iyaka. Suka ce rahotonsu zai shiga zaure a zama mai zuwa. Zaman bai zo ba. Soja suka karɓi mulki, aka rufe majalisu, kowa ya kama gabansa. Da na je bayan sati uku, mai gadi kaɗai na tarar.

Na huɗu. Tun da aka dawo mulkin farar hula na je majalisa sau bakwai. Ba wanda ya wulaƙanta ni, wasu har ruwa suka ba ni. Sai dai yawancin ma'aikatan yanzu ba a haife su ba lokacin da ake wannan zance. Wannan ya ce tsofaffin takardu suna sito, wancan ya ce an kwashe su lokacin wani gyara, wani ya ce in rubuto. Na rubuto. Ba wanda ya taɓa ce mini ta ɓata, ba kuma wanda ya ce ga ta. Wannan ne kukana, ranka ya daɗe, kuma ya ishe ni. Ardo Ja'e ya rasu bai sake ganin takardarsa ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A sa mutum ɗaya ya shiga siton nan da lambar da ke hannuna, ni ma zan zo in taya shi kaɗe ƙura in an yarda. A nemi akawun nan in yana raye, ko matan da suka buga rahoton kwamitin, domin ko rahoton aka samu zai yi amfani. In kuma an duba babu, a rubuto mini a fili cewa babu, kafin ranar zaman hakimi.

Wannan na ƙarshe ba don in huta nake nemansa ba. Cikin waɗanda suka taka burtalin nan ranar da kwamiti ya zo, ni kaɗai na rage. In takarda ba ta fito ba, ni zan tashi gaban hakimi in nuna inda kowane dutse yake. Gonar da ta fi cin burtalin kuwa ta ɗan ƙanena ce, kuma tun da ƙarfina ya ƙare daga rumbunsa ake auno mini hatsi. Bai san abin da na ƙudurta ba, sai dai ya karanta a nan. Zan faɗa ko me zai biyo baya, amma ina roƙonka ka taimaka takarda ta faɗa a madadina.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama da jama'arka lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka fara zama a kujerun nan. Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku, Bauranya