Langata Mai Jan Fenti

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, da fatan kun wuni lafiya, ya iyali ya ƙoƙari. Admin, da murya na turo miki saboda ni ban yi boko ba, ki rubuta yadda na faɗa kada ki gyara min magana, sunana kawai za ki ɓoye. Don Allah ku ba ni shawara, duk da na san yawancinku na yi jika da ku.

Ni 'yar Indabo ce, aure ya kawo ni Wudil. Ungozoma ce ni kafin asibiti ya karɓe mana aiki, rabin unguwarmu ni na yanke musu cibiya. Ba yabon kai ba, idan mata suka yi rigima aka rasa mai gaskiya, cewa ake a kira Iya, ita ba ta rufa-rufa. Ba ni da gona ba ni da saniya, wannan sunan shi ne abin taƙamata.

Ɗana na fari shi ne hedimasta a wata firamare kusa da mu. Tun da ya hau kujerar, kullum aka fita tara sai ya turo min yarinya daga manyan aji, ta share tsakar gida, ta ja min ruwa, ta kai niƙa. Ban taɓa ganin aibin abin ba, mu da aike aka rene mu, kuma ba yarinyar da ta taɓa fita gidana ba ɗumame a ciki da albarka a ka.

Bara aka kawo wata Malama, aka ce ita ce mai kula da tsaron yara a makarantar. Ta zo da dokokinta, ba yaron da zai fita ƙofa sai da takarda, ba malamin da zai aiki ɗalibi gida ko gona, ba a shiga ofis da yarinya a rufe ƙofa. Ta haɗa kwamiti na iyaye da malamai, ta zo har ɗakina ta durƙusa ta ce ni suke so in wakilci iyaye mata. Na ji daɗi, har sabon mayafi na yafa na je zaman farko. Da ta karanto dokar aike na yi dariya a raina, na ce wannan ta malamai ce, ba ta shafi tsofaffi ba. Shi ma ɗan nawa da ya sa hannu a takardar ya dawo ya ce min ai Iya ba ta cikin lissafi. Abin da ya canza kawai, yaran suka daina bi ta ƙofa, suka koma bi ta bayan makaranta inda katanga ta rushe.

Sati uku ke nan, ranar Juma'a, ina sha'awar alala na jiƙa wake, sai ga injin layinmu ya lalace. Yarinyar da aka turo min ranar, bari in kira ta Ladidi, ba za ta wuce shekara sha ɗaya ba, a hannuna aka haife ta. Na zuba waken a langa na ce ta kai injin tsallaken titi. Duk wanda ya san Wudil ya san titin nan ranar kasuwa, ga motocin shanu ga 'yan acaba ga masu kura. Ta ce, Iya yau fa kasuwa ce. Na ce ke da ƙafa kamar barewa, yanzu kin je kin dawo. A dawowa da markaɗe a ka ɗan acaba ya kwashe ta, ƙafa ta karye a cinya.

Kafin labari ya iso min, ɗana ya riga ya je asibiti, ya gaya wa uban yarinyar cewa gudowa ta yi ta katanga ta tafi yawon kasuwa. A gabanta ya faɗa. Bayan la'asar ya zo wurina muka yi ta, na ce ban haife shi don ya yi wa ƙaramar yarinya ƙazafi ba, ya ce shi ni ya rufa wa asiri, saura shekara biyu ya yi ritaya, idan maganar ta kai sama sauke shi za a yi, tunda da hannunsa ya sa wa dokar hannu. Ya ce ƙafa za ta warke, amma sunan da ya zube ba ya kwasuwa. Na ce to sunan yarinyar fa? Ya sa takalminsa ya fita.

Kwana biyu bayan nan Malama ta yi sallama da leda a hannu. Ashe ta je bakin titin da kanta tana tambayar yadda aka yi, wani mai rake ya ba ta langar da ya ciro daga kwata. Kun san mu mata muna ɗiga wa kwanukanmu fenti a gindi don kada su ɓata a gidan biki. Nawa ja ne, ɗigo uku, ba gidan da bai san shi ba a unguwar, ita kanta ta sha cin tuwona a ciki. Ta wanke ta tas, ta ajiye a gabana ta ce, Iya ga langarki. Ba ta tambaye ni komai ba. Da za ta tashi ta ce bayan an sallamo Ladidi kwamiti zai zauna a kan maganarta, ta ƙara da cewa yaro ba ya iya ƙaryata babba, shi ya sa ake neman babban da zai yi magana a madadinsa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da aka sallamo yarinyar na daure na je dubiya da kunun gyaɗa. Uwar ta shimfiɗa min tabarma tana ta godiya, tana cewa Iya ki yi mata faɗa, ta fi jin maganarki. Uban kuma daga zaure yake ɗaga murya, ya rantse boko ya ƙare mata, tunda yawo take zuwa yi, tana warkewa talla za ta ɗauka. Yarinyar nan ita take zuwa ta ɗaya a ajinsu. Da uwar ta fita ɗebo ruwa, ta jawo bakin zanina ta ce a hankali, Iya ki yi haƙuri, markaɗen ya zube. Ni da na karɓi haihuwa ba adadi, ranar da ƙyar na gane hanyar gida.

Yau Talata, jibi Alhamis kwamiti zai zauna. Ɗana ya aiko matarsa ta ce in ce jikina ba daɗi kada in je zaman, idan ban je ba langa ba ta magana. Ɗan fari ne, tunda na haife shi ko sunansa ban taɓa kamawa ba, yau ni ce zan tashi gaban mutane in ce ya yi ƙarya? Kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ba shi ya jiƙa waken ba, ba shi yarinyar ta ce wa yau kasuwa ce ba. Na yi tunanin in je wurin uban a ɓoye in faɗa masa, sai na tuna gobe wani malamin zai aiki wata ta wannan katangar, mu kuma muna zaune a kwamiti da sabon mayafi.

Ku da kuka yi karatu kuka san aikin gwamnati, idan na ce ni na roƙa a turo min yaran, laifin zai tsaya a kaina ko dole sai ya hau kansa? In fara samun Malama ni da ita, ko in sa shi a gaba mu je gidan uban tare ya janye maganarsa da bakinsa? Idan kuma ya ƙi, in je ranar Alhamis ko in kwanta? Ku faɗa min gaskiya kada ku duba furfurata. Langar tana nan inda Malama ta ajiye ta, har yau na kasa mayar da ita cikin kwanuka.