Kunnen Rago da Gangaren da Ya Ƙi Zubowa

Inna Burul, ki taimake ni, don na kai matsayin da nake jin tsoron addu'ar da ke fita daga bakina.

Ni mutumin wani ƙauye ne a sama da garin Karakol, shekarata talatin da huɗu. Aikina da hunturu shi ne in duba gangaren tsauni kafin a hau da baƙi masu yawon buɗe ido, in ce a hau ko kada a hau. Wata uku na yi a birnin Bishkek ina koyon aikin, na dawo da shebur, da doguwar sandar laluben wanda dusar ƙanƙara ta binne, da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ina haƙa rami tsayin mutum, in yanki dusar, in bubbuga ta da shebur in ga ko za ta zame, domin in ta zame daga gangare sai ta zubo ta binne mutane. A ƙauyenmu sunana mai haƙa kabari ba gawa.

Matsalata surukina ne, Baba Toktosun, mahaifin matata Begimai. Shekara arba'in yana kai baƙi tsauni, kuma bai taɓa haƙa rami ba. Gwiwarsa ta hagu ce ke ba shi labari: in ta yi tsami ya zauna gida, in ta yi lafiya ya hau. A sansaninsa nake aiki, abincinsa nake ci, 'yarsa nake aure. Kin dai san matsayin mijin 'ya a gidan suruki, nasa zuba shayi ne da gyaɗa kai.

Bana dusar farko ta sauka da wuri, sanyi ya mayar da ita garas-garas kamar sukari, sannan wata ta sauka a kanta har ƙirji. Ta saman nan zaune kawai take a kan abin da ba ya riƙe ta. Sau uku na haƙa a gangaren Kara-Bel, duk ukun tana zamewa tun ban kai bugu na biyar ba. Sau uku na ce kada a hau. Baba ya shafa gwiwarsa ya hau da baƙinsa, kuma duk ukun suka dawo lafiya lau, ga hotuna ga dariya. A na ukun ma gaban baƙin na yi maganar, har na ciro gilashina ina nuna musu ƙwayoyin dusar a hannun rigata. Sai ya ce musu su yi haƙuri da yaron nan, karatu ne ya yi masa yawa, yana ganin ƙwaya ɗaya tar amma tsaunin ya ɓace masa.

Makon jiya aka yanka rago don haihuwar jikansa. Da aka ajiye masa kan ragon, ya yanko kunne, wanda ake ba yara don su riƙa jin magana, ya tsallake yara takwas da ke zaune ya miƙo min. Ni, uban 'ya'ya biyu! Na sa hannu biyu na karɓa, na tauna, guringuntsi yana ƙara a bakina, ɗaki ya ɗauki dariya. Begimai ta ce wai wasa ne, in daina ɗaukar komai da zafi, ai ubanta bai taɓa rasa baƙo ko ɗaya ba. Kuma gaskiya ta faɗa, babban abin haushin ke nan.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar, kullum na fito da safe Kara-Bel nake fara kallo, ina fatan in ga ya zubo. Ba da kowa a kai ba, wallahi, shi kaɗai, amma da ƙarar da za a ji har shagon ƙauye. In na ga yana nan fari fat ba ko tsaga, sai raina ya ɓaci, in kasa cin abincin safe. Ni fa, da na haƙo abokina Esenbek da hannun nan nawa shekara huɗu da suka wuce, bayan minti arba'in da gangare ya zubo ya binne shi, ba rai, bakinsa cike da ƙanƙara. Saboda shi na tafi koyon aikin. Yau ga ni ina fushi da tsauni don ya ƙi ba ni gaskiya.

Asabar ta sama baƙi shida suna zuwa, Kara-Bel suke so, kuma an ce iska mai ɗumi, irin wadda ke sa dusar ta saki, tana tafe. Zuciyata tana ce min in ja bakina wannan karon, in ce gwiwar Baba ta fi ni sani, in ci gaba da zuba shayina. In na yi magana aka dawo lafiya karo na huɗu, ko kare ba zai sake saurarata ba. In na yi shiru ya zubo, ni ne zan je da sandar nan ina laluben kakan 'ya'yana. Inna, yaya zan yi?

Naki,
Wanda Ya Ci Kunne

Ɗana Wanda Ya Ci Kunne,

Na tsallake wasiƙu goma sha ɗaya na ɗauko taka, saboda su matsalolinsu za su iya jira har bayan Asabar.

Bari mu fara da addu'arka. Ba mugu ba ne kai, mutum ne da aka yi wa dariya da nama a baki. Amma ka daina ta daga yau. Gangaren nan ba ya duba ko akwai mutane a kansa kafin ya yi maka alheri.

Yanzu surukinka. Wanda ya yi shekara arba'in bai rasa baƙo ba, ba wawa ba ne. Gwiwar nan da kake rainawa, idonsa ce da kunnensa da duk hunturun da ya gani, ya tattara ya sa musu sunan gwiwa don kada a dame shi da tambaya. Sai dai ita gwiwar sama take ji, ba ta san abin da ke kwance a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba. Dawowarsu lafiya sau uku bai nuna gangaren ya yi ƙarfi ba, ya nuna dai ranar ba ta zo ba. A nan kai ne da gaskiya, kuma ka sani, da ba ka rubuto ba.

Inda ka yi kuskure shi ne wurin da ka faɗi maganar. Ka tsaya gaban baƙin dattijo da gilashi a hannu kana koya masa tsauninsa. Bayan haka ko da ƙafa ɗaya gare shi sai ya hau. Kai ka tura shi karo na uku, kunnen kuwa tukwicinka ne.

Saboda haka kafin Juma'a ka same shi shi kaɗai, ba baƙi, ba Begimai. Ka ce akwai abin da ya shige maka duhu a gindin Kara-Bel, kana so ya duba maka. Ka haƙa ramin a wurin da ba haɗari, ka yanki dusar, ka miƙa masa shebur ɗin ya buga da kansa. Gilashin nan ka bar shi a gida. In ta zame a hannunsa, kada ka ce uffan, kuma ka tanadi wata hanya mai sauƙi da zai iya kai baƙin ba tare da ya ji kunya ba. In bai saurara ba, shiru ba naka ba ne: ka faɗa masa za ka sanar da baƙin, sannan ka sanar da su dalla-dalla, domin ransu ne. Ka faɗa wa Begimai labarin minti arba'in ɗin nan kuma, ina zargin ba ka taɓa ba ta shi cikakke ba.

Ka shirya wa abin da zai biyo baya. In dabarar ta ci, ran Asabar Baba Toktosun zai sanar da duniya cewa gwiwarsa ta yi tsami, ƙauye ya yaba wa hikimarsa, kai kuma ka zuba shayi. Ba wanda zai gode maka, kuma wataƙila Kara-Bel ya zauna daram har bazara don ya ƙara ƙona maka rai. Aikin da ka zaɓa ke nan, ranar da ya yi kyau ba a ganin komai.

Ina maka fatan ka tsufa ana yi maka dariya a ƙauyen nan, kana haƙa kaburburanka ba gawa. In an sake miƙo maka kunne, ka karɓa da hannu biyu, ka dubi wanda ya miƙo. Yana da rai.

Taka,
Inna Burul